Sigarin Lantarki da Giɓin Dokar Taba: Abin da Ke Tunkarar Kambaza da Ƙasar Gwandu

A garuruwan masarautar Gwandu, irin su Kambaza da Dalijan da Kalgo, shan taba sigari ɗabi'a ce da ba ta ɓuya, domin hayaƙinta yana kama riga da hula da numfashi, yana baƙanta leɓe, yana kuma rina yatsu, ta yadda saurayin da ya zuƙi kara ɗaya a bayan gari sai ya nemi goro ko alawar Tom Tom kafin ya shiga sahun sallar magariba, kuma duk da haka wanda ke gefensa yakan gane. Wannan wari, tare da kunyar da ke biye da shi, ya daɗe yana yi wa jama'a aikin da dokar gwamnati ba ta kai ga yi ba, domin uba yana sanin halin ɗansa ba tare da ya tambaya ba, malamin makaranta yana sani, iyayen yarinyar da ake neman aurenta su ma suna sani. Ga 'ya'ya mata kuwa shingen ya fi tsayi, tunda budurwar da aka ji warin sigari a jikinta ta jawo wa gidansu maganar da ba ta wankuwa da wuri. Sigarin lantarki, wanda matasa ke kira shisha fen, ya zo ne ba tare da wannan wari ba, kuma a nan hatsarinsa ga irin waɗannan garuruwa ya fi yawa.

Ƙididdiga ta nuna ƙarfin wancan shinge. Babban binciken da aka gudanar kan shan taba tsakanin manya a Nijeriya a shekarar 2012, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya gano cewa kashi 5.6 cikin ɗari ne kawai na masu shekara 15 zuwa sama ke amfani da taba ko wace iri, wato kimanin kashi 10 cikin ɗari na maza da abin da bai wuce kashi 1.1 cikin ɗari na mata ba, adadin da ya yi ƙasa sosai idan aka kwatanta da ƙasashen Turai da na Asiya. Wannan ba yana nufin taba baƙuwa ce a ƙasar Hausa ba. Ta shigo yammacin Afirka tun wajen farkon ƙarni na 17, malamai kuma suka yi saɓani a kanta tun daga lokacin: Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta a 1607 yana ganin halaccinta, yayin da Muhammad al-Wali na ƙasar Bagarmi ya yi rubutu daga baya a cikin wannan ƙarni yana kafa hujjojin haramcinta. Hausawa sun sha ta a lofe, sun shaƙi taba gari, sun tauna ta da kanwa, mata kuma sun goge haƙora da furenta. Sai dai duk waɗannan hanyoyi suna barin alama a jikin mai yi, kuma alamar ita ce ke ba al'umma damar tsawatarwa.

Na'urar da ake magana a kanta wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta a 2003, bayan ya daɗe yana fama da shan sigari, kuma har yau mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwannin duniya a birnin Shenzhen na ƙasar Sin ake ƙera su. Idan aka fasa irin wadda ake zuƙa a yar, wadda girmanta bai wuce na ashanar gas ko alƙalamin rubuta allo ba, abubuwa huɗu ake samu a ciki: ƙaramin batirin litiyam irin na wayar hannu, da ɗan soso ko auduga da aka jiƙa da ruwa mai kauri, da siririyar waya da aka naɗe a jikin audugar, da wata 'yar na'ura mai jin motsin iska. Da zarar an zuƙa, na'urar sai ta kunna batirin, wayar ta yi zafi, ruwan ya koma farin tururi mai kama da hayaƙi, wanda ke ɓacewa cikin daƙiƙu ya bar ƙamshin mangwaro ko kankana ko na'ana'a. Ruwan kansa haɗi ne na sinadarai biyu masu ɗaukar tururi, wato furofilin gilaikol da gilisarin, sai kayan ƙamshi, sai nikotin, wanda shi ne sinadarin da ke cikin ganyen taba da ke sa mutum ya kamu har ya kasa dainawa. Babu wuta, babu toka, babu guntun kara da za a tsinta a bayan ɗaki, kuma uwar da ta ga abin a aljihun kayan makarantar ɗanta tana iya ɗauka cewa abin cajin waya ne ko kwalbar turare.

Nikotin da aka zuƙa yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu, inda yake sa ta saki dofamin, sinadarin da ke sa mutum jin daɗi da natsuwa na ɗan lokaci, sannan idan ya ragu sai ƙunci da rashin haƙuri su biyo baya har sai an sake zuƙa. Likitoci sun fi damuwa da matasa ne saboda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, musamman sashen da ke kula da mai da hankali da danne sha'awa, don haka yaron da ya fara a shekara 14 ko 15 yakan kamu da sauri fiye da babba, ya kuma sha wahalar rabuwa da abin fiye da shi. A da, ɗacin hayaƙin sigari da tarin da yake sa wa sabon shiga suna korar yara da yawa tun a karon farko. Kamfanin Juul na Amurka, wanda ya fito da hajarsa a 2015, shi ya yi fice wajen kawar da wannan cikas, domin ya haɗa nikotin da wani asid ya mai da shi abin da ake kira gishirin nikotin, wanda ke wucewa ta maƙogwaro ba tare da ƙaiƙayi ba ko da an cika shi da yawa. Ruwan da aka rubuta wa kashi 5 cikin ɗari yana ɗauke da nikotin miligiram 50 ko fiye a kowace mililita, kuma irin wannan rubutu ne ke jikin kwalaye da yawa da ake shigowa da su. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba: a 2019 binciken gwamnatin Amurka ya nuna cewa kashi 27.5 cikin ɗari na ɗaliban manyan makarantun sakandare suna zuƙar sigarin lantarki, kuma a 2022 Juul ya amince ya biya jihohi fiye da talatin kimanin dala miliyan 438 kan zargin tallata haja ga ƙananan yara.

Ban da nikotin, tururin yana ɗauke da wasu abubuwa da huhu bai saba da su ba. Idan wayar ta yi zafi fiye da kima, musamman sa'ad da ruwan ya kusa ƙarewa, ana samun sinadarai masu cutarwa irin su fomaldehaid, ana kuma samun ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da dalma daga jikin wayar. Kayan ƙamshin da aka amince da su a abinci ba a gwada su don shaƙa ba, kuma abin da ciki ya iya narkarwa ba lalle ne huhu ya jure masa ba. A 2019 zuwa farkon 2020 Amurka ta ga ɓarkewar wata cutar huhu da ta kwantar da mutum 2,807 a asibiti ta kashe 68, wadda daga bisani aka gano cewa tushenta wani mai ne da 'yan kasuwar bayan fage ke gaurayawa da ruwan tabar wiwi. Wannan lamari ya dace a lura da shi a arewacin Nijeriya, domin darasinsa shi ne cewa na'urar ba ta zaɓen abin da aka zuba mata, kuma yankin da ya riga ya sha fama da kodin da taramol da sholisho ba ya rasa masu dabarar zuba wani abu daban.

Adalci ya wajabta a kawo hujjar ɗaya ɓangaren, domin hujja ce mai ƙarfi. Abin da ke kashe mashaya sigari galibi ba nikotin ba ne, kwalta ce da iskar guba da dubban sinadaran da ƙonewar ganye ke haifarwa, kuma tunda sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, yawancin masana sun yarda cewa cutarwarsa ba ta kai ta sigarin gargajiya ba. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta a 2015 cewa ya fi sauƙin cutarwa da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da yawa suka soka saboda raunin hanyar da aka bi wajen fitar da shi, amma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa yana taimaka wa mashaya su daina sigari fiye da cingam ko filastar nikotin. Kuskuren shi ne a ɗauko wannan hujja daga Landan a dire ta a Kambaza ba tare da duba bambancin wuri ba. A Ingila akwai miliyoyin tsofaffin mashaya da ake neman cetowa, akwai asibitocin da ke jagorantar mai son dainawa, akwai kuma hukumar da ke gwada abin da ke cikin kwalba. A garin da mutum tara cikin goma ba su taɓa shan taba ba, kuma dattijon da ke sayen sigari kara ɗaya ɗaya a wurin mai tebur ba zai iya sayen na'urar dubban nairori ba, wanda zai saya shi ne ɗalibi, da ɗan acaɓa, da yaron shagon cajin waya, da budurwar da ba za ta taɓa yarda a gan ta da sigari ba. A irin wannan kasuwa na'urar ba ta rage yawan masu shan hayaƙi, ƙara yawan masu dogaro da nikotin take yi.

Hanyoyin da irin wannan haja ke bi ta isa ƙauye sanannu ne, domin su ne waɗanda wayar hannu da tocilan mai hasken rana da lasifikar aljihu suka bi. Kaya na sauka a Legas ko Kwatano, su wuce Anaca da Kano da Sakkwato, su iso Birnin Kebbi da Jega, daga nan 'yan tireda su rarraba su zuwa kasuwannin mako. Ɗabi'ar kuma tana da nata masu ɗauko ta: 'yan ci-rani da ke dawowa daga kudu da faɗuwar damina, da ɗaliban da ke haɗuwa daga sassan ƙasa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin ke Kalgo, da na jami'ar jiha da ke Aliero, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, sai kuma bidiyoyin TikTok da Instagram inda ake nuna gwanintar fitar da tururi zobe-zobe. Shisha ta riga ta share fage, domin ita ta fara koya wa matasan birane cewa hayaƙi mai ƙamshin 'ya'yan itace ba taba ba ne, wanda kuwa ba gaskiya ba ne. Amma shisha tana buƙatar tukunya da gawayi da wurin zama, abin da ke sa a gan ta, yayin da sabuwar na'urar ke shiga aljihu, kuma irin wadda ake yarwa ba ta ma buƙatar wutar lantarki, don haka rashin wuta a ƙauye ba kariya ba ne.

Dokar Nijeriya ba ta shirya wa wannan ba. Ƙasar ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, sannan a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara ɗaya ɗaya, ta hana talla da sayarwa ta intanet da sha a wuraren taruwar jama'a, ƙa'idojin 2019 kuma suka wajabta hoton gargaɗi a jikin kwali. Sai dai an tsara dokar ne a kan kayan da aka yi da ganyen taba, kuma ba ta fayyace matsayin na'urar da ke ɗauke da ruwan nikotin ba, balle wadda nikotin ɗinta a ɗakin gwaji aka haɗa shi. Babu iyakar ƙarfin nikotin, babu tsarin gwada ruwan kafin a sayar, kuma aikin ya faɗa tsakanin ma'aikatar lafiya da NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da kwastan, kowa na ganin na wani ne. Inda aka ambaci kayan nikotin ƙarara shi ne a ƙa'idar da hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fitar a 2024, wadda ta hana ƙawata shan taba da nikotin a finafinai da bidiyoyin waƙa, ƙa'idar da ta shafi Kannywood amma ba ta shafi mai shago ba. Ko sassan dokar 2015 da ke a fili ma ba su kai ga teburin mai sayar da sigari ba, domin har yau ana buɗe kwali a sayar da kara, har a aiki yaro ya sayo.

Nijeriya ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙasashe 34 sun haramta sayar da sigarin lantarki, 88 ba su da mafi ƙarancin shekarun saye, 74 kuma ba su da wata ƙa'ida a kansa ko kaɗan. Waɗanda suka ɗauki mataki sun rabu gida biyu. Indiya ta haramta shi baki ɗaya a 2019, kamar yadda Uganda da Habasha suka yi a Afirka, Ostireliya kuma ta mayar da sayar da shi kantin magani kaɗai daga Yulin 2024. Tarayyar Turai ta zaɓi ƙayyadewa, inda ta hana nikotin ya wuce miligiram 20 a mililita, wato ƙasa da rabin abin da ke cikin kwalayen kashi 5, sannan Beljiyam da Faransa da Birtaniya suka haramta irin wanda ake yarwa a cikin 2025. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne matakin ƙasar Sin kanta, wadda tun Oktobar 2022 ta hana sayar da masu ƙamshin 'ya'yan itace a cikin gida, amma ta bar masana'antunta su ci gaba da ƙera su don fitarwa waje. Duk lokacin da wata babbar kasuwa ta rufe ƙofa, kayan da aka riga aka ƙera sai sun nemi inda babu mai tambaya.

Haramtawa baki ɗaya ita ce amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutane a Arewa, kuma tana da farin jini a mumbari da majalisa, amma abin da jihar Kebbi ta gani da idonta ya isa ya sa a yi taka-tsantsan. Jihar tana iyaka da Nijar da Benin, kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 bai hana buhunan shinkafa masu kilo 50 ratsowa ta hanyoyin daji da na ruwa a wajen Kamba da Lolo ba, to ina ga abin da ɗari ɗaya nasa ke shiga jakar hannu. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC, farashinsa ya tashi, mashaya da yawa suka koma wasu ƙwayoyi. A watan Yunin shekarar ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya bayyana cewa shisha mai ƙamshi haramtacciya ce, ya kuma nemi jami'an tsaro su ɗauki mataki, amma gidajen shisha ba su rufe ba. Haramcin da ba a iya tabbatarwa yana mayar da ciniki hannun 'yan fasa-ƙwauri, su kuwa ba sa tambayar shekarun mai saye, ba su kuma damu da abin da ke cikin ruwan ba.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a kama matsalar a inda take da ƙunci, wato bakin shigowa. Majalisar Tarayya tana iya gyara dokar 2015 ta yadda duk abin da ke ɗauke da nikotin don zuƙa ko tsotsa zai shiga ƙarƙashinta, ko daga ganye aka samo shi ko ba daga ganye ba, a kuma sa iyakar ƙarfinsa, a hana ƙamshin alawa da 'ya'yan itace da kwalaye masu zanen da ke jan yara, a haramta irin wanda ake yarwa, tunda shi ne mafi araha kuma mafi sauƙin ɓoyewa. Masu shigo da kaya ba su kai masu sayarwa yawa ba, kuma ya fi sauƙi a tilasta wa 'yan kasuwa ashirin a tashar jiragen ruwa ta Apapa rajista da gwaji da haraji fiye da a bi 'yan tebur dubu ashirin. Afirka ta Kudu ta fara karɓar haraji a kan kowace mililita ta ruwan tun Yunin 2023, kuma farashi shi ne abin da ya fi tasiri a kan yaro mai kuɗin kashewa kaɗan. Cewa gwamnati ba ta iya tunkarar manyan kamfanoni ma ba hujja ba ce, domin a Disambar 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta ci kamfanin British American Tobacco tarar dala miliyan 110.

A matakin ƙananan hukumomi kuma akwai ikon da ba sai an jira Abuja ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna da rumfuna, don haka majalisun Gwandu da Kalgo suna iya sa sharaɗi a lasisin shago cewa ba za a sayar da kayan nikotin ga yaro ba, ko kusa da makaranta, wanda ya saɓa kuma ya rasa rumfarsa, hukuncin da ɗan kasuwa ya fi tsoro fiye da tarar da ba a karɓa. Hakimai da sarakunan kasuwa da Hisbah sun san masu shaguna da sunayensu, abin da jami'in da aka turo daga nesa bai sani ba. Sai dai ya kamata nauyin ya hau kan mai sayarwa, domin yaron da aka kora daga makaranta ko aka aske masa kai a bainar jama'a bai rabu da nikotin ba, ya dai ƙara koyon ɓoyewa, alhali abin da yake buƙata shi ne ma'aikacin lafiya a asibitin garinsu da ya san alamomin kamuwa, irin su saurin fushi da rashin barci da kasa zaman aji na sa'a guda, ya kuma san yadda ake rage su. Malaman makaranta da iyaye ma suna buƙatar a nuna musu na'urar a hannu, su ga siffarta, su ji ƙamshinta, tunda ba a tsawatar a kan abin da ba a gane ba.

Akwai kuma sharar da ba a cika magana a kanta ba. A Birtaniya an ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da irin waɗannan na'urori kusan miliyan 5 a kowane mako, kowace da batirinta, a ƙasar da ke da motocin kwasar shara da wuraren sarrafa ta. A Kambaza da makwabtanta bola a bayan gida take, ana ƙona ta ko a kwashe ta da jakuna da amalanke zuwa gona a matsayin taki kafin shuka, yara kuma suna tsince-tsince a cikinta. Batirin litiyam da aka huda ko aka jefa a wuta yana iya fashewa, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ragowar ruwan da ke cikin soson kuma, mai ƙamshin alawa, guba ne ga ɗan shekara biyu da ya kai shi baki.